In kana gyaran falo kuma kana son sauti mai zagaye, binne waya tun kafin mai filasta ya shigo

Kwanakin baya na leƙa wajen yayana a Tunfure, ya gama gyaran falonsa, an zuba POP mai hawa biyu, tayil sai ɗaukar ido yake, bango ya sha fenti har yanzu ƙamshinsa bai fita ba. Ya zaunar da ni ya kunna min sabon kayan sautin da ya sayo, sifiku biyar da wufa ɗaya, wato akwatin da ke fitar da bes, sautin nan mai kauri, to amma duk biyar ɗin an jera su ne a ƙarƙashin tibi kamar kwalaben turare a gaban madubi, biyun da ya kamata su kasance a baya ma wayarsu na nan a nannaɗe da ɗaurin da suka zo da shi daga kwali. Na ce Yaya ai waɗannan biyun gefen kujera ake kai su. Ya ce ni ma na sani, to ta ina zan bi da wayar, in ja ta ta kan tayil yara su riƙa tuntuɓe, ko in fasa bangon da jiya-jiya na gama biyan mai fenti? Kuma wallahi gaskiyarsa ne. Abin ya tsaya min a rai, saboda kuɗi ya kashe ba kaɗan ba, kuma abin da ya raba shi da jin daɗin kayan bai wuce fayif ɗin roba 'yan guda da waya ba, da an binne su lokacin da bango yake tsirara shikenan.

Shi ya sa na ce bari in rubuta wa duk mai gini ko mai gyaran gida a nan Gombe da kewaye, ni na yi nawa kuma na taya mutum biyu nasu.

Abu na farko ba kasuwa ba ce, kujera ce. Kafin ka tambayi kuɗin komai, shiga falon ko da cike yake da yashi da buhunan siminti, ka tsaya ka yanke shawara wane bango ne na tibi kuma ina babbar kujerar da za a fi zama a kai za ta tsaya. Ɗauki bulo ɗaya ka ajiye a wurin ka zauna a kai. Duk wani awo daga wannan bulon zai tashi. Kuma dan Allah ka kira uwargida ta gani da idonta, domin in ka binne waya bisa tunanin kujera za ta kalli gabas ita kuma ta zo da kayan ɗaki ta juya su kudu, aikin ya tashi a banza. Mu falonmu an saba jera kujeru ne jikin bango su zagaye ɗaki a bar tsakiya da kafet, wannan tsarin yana da daɗin hira da baƙi amma ba kowa ne zai ji sautin daidai ba, dole kujera ɗaya ce za ta fi sauran, to ka zaɓe ta. In falon yana da faɗi ka janye ta daga bangon baya ko da ƙafa biyu ne, bambancin da za ka ji ba kaɗan ba ne.

Yanzu lambobin nan da ake rubutawa a jikin kwali. In ka ga 5.1 ana nufin sifiku biyar da wufa ɗaya: hagu da dama a gaba, na tsakiya, sai biyu na gefe. 7.1 an ƙara biyu a can baya. In ka ga lamba ta uku kamar 5.1.2 to waɗannan biyun na ƙarshe na sama ne, na silin, su ne na tsarin sauti na Dolby Atmos wanda ya fito a 2012, shi ne za ka ji ruwan sama ko jirgi yana wucewa ta saman kanka. Ni a ganina falon yawancinmu 5.1 ya ishe shi, musamman in kujera jingine take da bango, saboda 7.1 sai akwai fili a bayanka, in babu to asarar kuɗi ce kawai. Amma waya kam ka binne ta fiye da abin da kake bukata yau, har ta silin, ko ba ka da kuɗin sifikun yanzu. Waya tana da arha in aka kwatanta da fasa bango.

Ga yadda ake awon. Na tsakiya yana zama daidai tsakiyar tibi, a ƙasa ko a sama, yana kallon fuskar mai zama, kuma in a kan kanta za ka ɗora shi ka jawo shi bakin kantar kar ka tura shi can ciki. Wannan sifikan kar ka yi masa rowa. Kusan duk magana daga cikinsa take fita, muryar mai sharhin ƙwallo, mai karanta labarai, hirar cikin fim, kuma mu abin da muka fi saurara kenan, ga tafsiri ga karatu. In na tsakiya ba shi da kyau za ka yi ta ƙara murya don ka ji me aka ce, sai an harba bindiga a fim gidan ya ɗauka gaba ɗaya. Na hagu da na dama kuma ƙa'idarsu digiri 22 zuwa 30 daga tsakiya, kar wannan ya rikita ka, da tef ɗin birkila za ka fitar da shi: in daga kujera zuwa bangon tibi ƙafa 10 ne, to kowane ɗaya ya yi nisan ƙafa 4 zuwa kusan 6 daga tsakiyar tibi. Ko kuma ka ɗauki igiya, nisan da ke tsakanin sifikun biyu ya zo kusan ɗaya da nisan kowannensu zuwa inda kake zaune. Tsayinsu daidai kunnen mutum a zaune, wajen mita 1.2 daga ƙasa, ka ɗan karkato su suna kallonka. Na sha ganin an maƙala su can sama kusa da silin don kar yara su taɓa, na fahimci dalilin, amma sai ka ji mutum yana magana a tibi muryarsa na fitowa daga wani wuri daban. In dole sai an ɗaga to a samu ƙarfen maƙalawa mai lanƙwasuwa a sunkuyar da su ƙasa.

Na gefe su ne mutane suka fi kuskure. Sunan da aka saba kiransu na baya ne, amma a 5.1 wurinsu gefenka ne ko ɗan baya kaɗan, digiri 90 zuwa 110, wato in ka miƙa hannuwanka biyu gefe ka ɗan ja su baya, inda yatsunka suka nuna nan ne. A ɗaga su sama da kunne kamar ƙafa ɗaya zuwa biyu, don kar wanda ya zauna a ƙarshen kujera ya tare wa sauran, kuma kar ya riƙa jin sa cikin kunne. Matsalar da za ka ci karo da ita, sau da yawa daidai wurin taga ce ko ƙofar shiga ko hanyar wajen cin abinci. Ba komai, matsa baya kaɗan, amma abin da ka yi wa hagu ka yi ƙoƙari ka yi wa dama.

Akwai abin da nake so a gane game da sifikun da ake nutsawa cikin bango, waɗanda ake gani a bidiyon gidajen Amurka. Su bangonsu katako ne da allo, cikinsa fanko, da ƙaramin zarto ake yanka rami a zura. Mu bulo ne da siminti. Ka ce za ka sassaƙe bulo mai inci 6 ka nutsa abu mai zurfin inci 3 ko 4, ka raunana bangon, kuma duk abin da kake kallo na ɗakin da ke bayansa zai ji kamar a kansa ake yi. In kana son gaban falo ya fito fes babu akwatuna, to ka sa kafinta ko mai POP ya yi maka bangon ado a gaban na bulo, wanda dama yanzu ana yi wa tibi, a bar zurfi a ciki sifikun su zauna. In ba haka ba ka sayi na maƙalawa ko masu tsayawa da ƙafarsu, sun fi sauƙin gyara ma ranar da ɗaya ya lalace.

Silin kuma sai an zauna da mai POP tun kafin ya fara ɗaure. In sifiku biyu za ka sa a silin, su kasance sama da kujera ko ɗan gaba da ita kaɗan, a layi ɗaya da na hagu da na dama na gaba. Nuna masa wurin, ya bar shi a shafe babu zane babu ƙwan fitila, kuma ya ƙarfafa wajen da katako don kar nauyin ya rataya a jikin POP kaɗai. Ka duba fanka, kar fukafukanta su shiga tsakanin sifika da kai, in ba haka ba sauti zai riƙa yankewa kamar mai magana a gaban fanka. Sannan ka tuna abin da ke tsakanin silin da kwano a garin nan: zafin Maris da Afrilu, ƙurar hunturu, ga ɓera. A yi wa kowane sifika akwati a bayansa, waya kuma ko a cikin silin ne ta bi ta fayif, ɓera ba ya barin waya tsirara. Akwai wasu sifikun da ake ɗorawa a gaba su harba sauti sama ya dawo, waɗannan suna son sili a shafe ne, POP ɗinmu mai hawa-hawa da kwana-kwana yana watsa sautin, ban cika ba da shawararsu ba. Kuma kar mai sayarwa ya lallaɓe ka ka kai duka biyar ɗin silin don ya fi kyan gani, na gaba uku dole su sauko daidai tibi.

To maganar waya, nan ne zan daɗe. Duk wayoyin suna taruwa ne a wuri ɗaya, inda amfilifaya za ta zauna, na'urar da ke ba sifikun ƙarfi, wadda ake kira risiba, galibi ƙarƙashin tibi. Daga nan kowane sifika da tasa wayar mai ƙwaya biyu, ba a haɗa biyu a layi ɗaya kamar ƙwan fitila, wannan sai ka faɗa wa mai wayarin da bakinka domin hannunsa ya saba da aikin wuta. Kauri 1.5mm ya isa in nisa bai wuce mita 15 ba, in ya fi haka ko kana da hali ka sa 2.5mm. Ta zama jan ƙarfe zalla, domin akwai wadda alminiyom ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama, ka kankare bakinta da wuƙa a shagon, in ka ga fari a ciki ajiye musu, kuma za ka ji ba ta da nauyi a hannu. Fayif na 20mm ya isa wayar sifika, amma wanda zai tashi daga wajen risiba zuwa bayan tibi a sa babba sosai, wanda kan HDMI, wayar da ke haɗa risiba da tibi, zai wuce ba tare da an matsa masa ba, kwanarsa kuma kar ta yi tsini, a bar igiya a ciki ta jan wata wayar nan gaba. A kowane baki a bar rarar waya kamar ƙafa biyu zuwa uku, a wajen risiba ma fiye da haka don ka iya jawo ta waje ka yi aiki a bayanta.

Kar a haɗa wayar sauti da ta wuta a fayif ɗaya. Ni wannan ya same ni. Na fita sallar azahar na dawo na tarar yaron mai wayarin ya zura wayar wufa tare da ta soket, na yi magana ya ce Oga ai duk waya ce, ba abin da zai faru, ni kuma na ga an riga an toshe da siminti sai na ƙyale. Ranar da aka haɗa kaya, da an kunna wufa sai ka ji wani gurnani ƙasa-ƙasa, huuum, ko ba a kunna komai ba yana nan, da daddare in gida ya yi shiru har cikin kai kake jin sa. Sai da muka sake bin wata hanyar ta gindin bango. Wayar wufa da ke zuwa daga risiba siginarta ƙarama ce, shi ya sa take kwasar hayaniyar wuta da sauri, don haka a sa mai rufi a jiki, irin ta dish mai kyau ma tana yi in aka sa mata kan RCA, irin ja da farin nan da ake sokawa a bayan tibi, a nisanta ta da layin wuta kamar ƙafa ɗaya, in dole su haɗu to su gitta juna kar su jera.

Kafin a shafe bango ka yi abu biyu. Ka naɗa salatif a bakin kowace waya ka rubuta sunanta, hagu gaba, dama gefe, haka. Sannan ka ɗauki hoton kowane bango da wayarka, fayif a fili, da tef a miƙe a gefe. Wata rana za a zo kafa labule ko rataye agogo, hoton nan ne zai hana a huda maka waya.

Wufa ita ba ta da wuri ɗaya tabbatacce, ɗaki ne yake zaɓa mata. Tana bukatar soket nata, don haka ka tanadi wuri biyu, ɗaya a gaba kusa da kwana ɗaya a gefe, kowanne da soket da bakin waya. In kaya sun iso ga dabarar: ɗora wufar a kan kujerar da kake zama, kunna abu mai bes, ka durƙusa ka bi gindin bango a hankali kana saurare, inda ka ji bes ɗin ya fito a cike ba tare da ruri ba nan za ka ajiye ta. Kwana tana ƙara mata ƙarfi amma wani lokacin sai ta koma buu-buu babu daɗi. Kuma ka duba waye a bayan bangon, bes yana ratsa bulo fiye da yadda kake zato. Ni na kauce wa bangon da ya haɗa da ɗakin Hajiya, saboda tana kwanciya da wuri ta tashi tsakar dare.

Wajen saye, kar babbar lamba ta ruɗe ka. Za ka ga an rubuta wat dubu kaza PMPO a kwalin da za ka iya ɗauka da hannu ɗaya, wannan lambar talla ce, RMS za ka tambaya, ita ce ke nuna ainihin ƙarfin kayan. Ka duba om ɗin sifiku, wato ma'aunin yadda suke tare wutar da risiba ke tura musu, yawanci 6 ne ko 8, ya dace da abin da aka rubuta a bayan risiba, masu 4 suna jan wuta sosai ba kowace risiba ke ɗaukarsu ba. Na gaba ukun su zama 'yan gida ɗaya, kamfani ɗaya jeri ɗaya, don in mota ta wuce daga hagu zuwa dama kar muryarta ta canza a hanya. Na gefe ko ƙanana ne ba laifi. In kuɗi bai kai ba ka fara da risiba da biyu na gaba, ka ƙara na tsakiya, sannan wufa, sannan na gefe, tunda waya na jira a bango ba gaggawa. Yamaha, Denon, Onkyo, Marantz, Sony duk suna yin risiba, sababbi da na hannu ana samu, wasu daga Kano suke sa a kawo musu wasu daga Alaba a Legas. In na hannu za ka saya juya bayanta ka karanta: wadda aka yi wa Amurka 120V ce, mu kuma 230V muke, ka soka ta kai tsaye ta ƙone nan take, sai da taransifoma mai rage wuta. Ka tabbatar tana da HDMI mai ARC ko eARC don sautin tibi ya dawo mata ta waya ɗaya, a gwada kowace ƙofar sifika a gabanka, kuma ka tambayi rimot da ɗan makirufonta na saiti, sau da yawa su ne suke ɓacewa.

Wanda yake haya ko falonsa ƙarami ne, sanbā, wannan doguwar sifikar da ake shimfiɗawa ƙarƙashin tibi, mai zuwa da wufa da 'yan biyu na baya marasa waya, ta wadatar. Sai dai marasa wayar ma suna shan wuta, a tanadi soket kusa da su.

Wuta kuma kowa ya san halin da ake ciki, a ɗauke a kawo, ga janareto ga sola. Sa sitabilaiza da abin kare tartsatsin wuta a layin kayan, in inbata kake amfani da ita ta zama mai tsaftatacciyar wuta, masu arhar nan suna sa kaya gurnani da zafi. Ka ce wa kafinta kar ya rufe risiba cikin kabad babu iska, a bar sarari kamar tafin hannu a samanta kuma bayan a buɗe, zafin Gombe kaɗai ya ishe ta.

Sai ɗakin kansa. Tsaya tsakiyar falon da aka gama wa tayil da POP ka tafa hannu sau ɗaya, za ka ji amsa-kuwwa tana bin bango. Haka sautinka zai riƙa yi, magana ta cakuɗe. Maganinsa dama muna da shi a al'ada: kafet mai kauri tsakanin tibi da kujera, labule mai nauyi, kujerun yadi, tum-tum. Ka sake tafawa bayan an shimfiɗa su za ka ji da kunnenka.

Ranar haɗawa, ja ya tafi ja baƙi ya tafi baƙi a kowane ɓangare, in ka juya ɗaya bes zai ragu murya ta rasa tsakiya. In salatif ya goge ka rasa wace waya ce wace, taɓa bakinta da ƙaramin batir mai 1.5V, sifikan da ke ƙarshenta zai yi ɗan ƙas. Daga nan ka soka makirufon saitin, ka ɗora shi daidai inda kanka yake kasancewa a kujera, kashe fanka da AC, a fitar da yara, ka bar risiba ta yi ta busa ƙararta tana auna nisan kowane sifika da ƙarfinsa. In ta gama shiga saitin ka duba, in sifikunka ƙanana ne ka sa su a Small, mahaɗarsu da wufa a 80Hz, wato bes ɗin da ya yi ƙasa da haka wufa ce za ta ɗauka. Yawancin abin da muke kallo a YouTube da tashoshi sauti biyu ne kawai, don haka kar ka tsorata in na tsakiya da na gefe sun yi shiru, akwai maɓallin da ke rarraba shi zuwa duka biyar, ainihin 5.1 kuma sai a fim ko tashar da aka yi ta da shi kamar a Netflix. In har yanzu magana tana nutsewa, ƙara wa na tsakiya murya da 2dB ko 3dB a cikin saitin, sannan ka nemo saitin dare ka kunna shi bayan isha'i, yana danne ƙarar fashe-fashe ya bar muryar mutane a fili.